Iyafis Marar Igiya da Wasan Gem: Jinkirin da Mai Shago Ba Ya Faɗa

Idan kaka ta yi a yankin Funtua da Malumfashi, aka kai masara da auduga da waken suya kasuwa, kuɗi suka shiga hannun matasa, wayar hannu da kayan haɗinta suna cikin abubuwan da ake fara nema, kuma a 'yan shekarun nan na'urar sauraro da aka fi sani da iyafis, musamman marar igiya, ta shiga sahun gaba. Yawancin kayan daga Kano ake saro su, musamman kasuwar waya ta Farm Centre, inda samfurin Oraimo, na kamfanin Transsion mai ƙera Tecno da Infinix da itel, ya yi suna. Yayin ya ƙara ƙarfi ne tun 2016, lokacin da kamfanin Apple ya cire kafar jona igiya daga iPhone 7, wasu kamfanoni suka bi sahu. Sai dai na'urar da ta dace da sauraron karatu ko waƙa ba lallai ne ta dace da wasan gem ba.

Fasahar Bluetooth da iyafis marar igiya ke aiki da ita, wadda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aiki a kanta a 1994, hanya ce ta aika saƙo ta igiyar rediyo mai gajeren zango tsakanin na'urori biyu, ba tare da layin waya ko data ba. Kafin sauti ya bar waya ko kwamfuta, sai an matse shi an yanka shi gunduwa-gunduwa, a aika, sannan na'urar kunne ta tara shi ta warware, kuma tsarin da ke wannan matsewa da warwarewa shi ake kira kodek. Kodek ɗin da kowace irin wannan na'ura ke ɗauke da shi, wato SBC, yakan jawo jinkirin da ya kai milisakan 150 zuwa 250, alhali milisakan 1,000 ne ke yin daƙiƙa ɗaya. Tun da sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, jinkirin milisakan 200 daidai yake da na mutumin da ya hango mata suna daka daga nisan mita 70, yana ganin taɓarya ta sauka kafin ƙararta ta iso kunnensa.

Mai kallon fim ba ya lura da wannan, domin manhajar bidiyo takan ɗan riƙe hoto har sauti ya cim masa. Gem kuwa ba shi da wannan dama, saboda ba ya sanin abin da ɗan wasa zai danna sai ya danna. A wasannin harbi irin su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile, inda takun sawun abokin gaba ke nuna ta ina zai ɓullo, wanda ya ji a makare shi ake fara kayarwa. A wasan ƙwallo kamar eFootball matsalar ba ta kai haka ba, tun da ido ne ke jagora. Akwai kuma wata illar da ba a cika ambata ba: da zarar an kunna makirfo don magana da abokan wasa, Bluetooth na gama-gari yakan koma tsarin kiran waya, sautin ya dushe, bambancin dama da hagu ya ɓace.

Sau da yawa akan ɗora wa sabis laifin da ba nasa ba. Jinkirin intanet, wanda 'yan wasa ke kira fin, tsakanin waya ne da babbar kwamfutar kamfanin gem, shi kuwa na Bluetooth tsakanin waya ne da kunne. Shi ya sa a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, wasan intanet ya tsaya cak, amma iyafis ya ci gaba da aiki, da jinkirinsa kamar kullum.

Masu ƙera kaya sun nemo mafita. Kodek ɗin aptX Low Latency na kamfanin Qualcomm yana rage jinkirin zuwa kimanin milisakan 40, da sharaɗin waya da na'urar kunne duka suna ɗauke da shi, abin da ba a cika samu a wayoyi masu sauƙin kuɗi ba. Mafi inganci shi ne irin iyafis ɗin da ke zuwa da ɗan mashigi da ake sokawa a kafar USB, domin yana da tasa hanyar rediyo ta daban, sai dai tsadarsa ta fi. Masu gidajen gem kuma ya kamata su sani cewa PlayStation 4 da 5 ba sa karɓar iyafis ɗin Bluetooth na gama-gari, amma abin riƙewarsu yana da kafar jona igiya.

Batir ma abin dubawa ne a yankin da wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ba ta da tabbas, inda da yawa suka dogara da sola ko shagon mai caji. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, don haka barin akwatin iyafis a rana ko kusa da janareta a watan Afrilu yana rage masa kwana, kuma a ƙananan na'urori ba a cika iya canza shi ba, balle a jabun da aka kwaikwayi tambarinsa.

Kunnen kansa yana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako, kuma a watan Maris na 2025 ta fitar da ƙa'idar sauraro ta musamman ga masu wasan gem tare da hukumar sadarwa ta ITU. Ƙarar babura da injin niƙa kan sa mutum ya ƙure sauti bai sani ba, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Ga matashin da wasan harbi ne ya kai shi shago, kuma kuɗinsa ba su kai na mai mashigin USB ba, iyafis mai igiya, duk da arharsa, ya fi masa amfani, domin ba ya jinkiri kuma ba ya neman caji.