Hirar Bincike ta Hanyar Saƙon Nan Take

Binciken halin zaman jama'a iri biyu ne. Akwai wanda ya dogara ga ƙidaya, watau a tara amsoshin mutane masu yawa a lissafa. Akwai kuwa wanda ya dogara ga doguwar hira da mutane kaɗan, domin a ji daga bakinsu yadda suka ɗauki zaman duniya. Misalin na biyun nan shi ne littafin Mary Smith, Baba of Karo, wanda aka buga a 1954, bayan ta zauna da tsohuwar a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950 tana rubuta abin da ta faɗa.

To, yau ga wata hanya ta samu, wadda mai tambaya da mai amsa ba su ganin juna, sai dai su yi ta musayar gajerun saƙonni ta intanet. Irin wannan manhaja ta fara bazuwa da ICQ a 1996, sa'an nan WhatsApp ta fito a 2009. Tun a 2000 Chris Mann da Fiona Stewart suka wallafa littafi a kan yin hirar bincike ta intanet, amma annobar korona ta 2020 ita ce ta tilasta wa masu bincike da yawa su gwada.

Amfaninta na farko shi ne hirar tana rubuta kanta, ba sai an ɓata sa'o'i ana kwafe magana daga rikoda ba. Na biyu, nisa ba ya hana ta, gama malami yana Kano sai ya yi hira da Bahaushen zango a Kumasi. Na uku, mai kunya ya kan rubuta abin da ba ya iya faɗa ido da ido, ya kuma sami sukunin yin tunani kafin ya amsa.

Amma fa akwai hasara. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi kuwa a nan babu fuskar. In mai amsa ya yi shiru, ba a san ko tunani yake yi ba, ko tambayar ce ta ɓata masa rai, ko layi ne ya yanke. Har ila yau, ba a tabbatar da wanda ke riƙe da wayar, ko wanda ke tsaye a kansa yana karantawa. Wanda bai iya boko ba kuwa an bar shi a baya, alhali sau da yawa tsofaffi su ne ma'adanar abin da ake nema.

Ga mai nazarin harshe abin ya fi tsanani. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "baba" ta kan zama mahaifi ko shuni. Masu rubutu a waya kuma sun saba barin ƙugiya, sai "ƙafa" ta koma "kafa". Basakkwace ma ya kan karkata ga daidaitacciyar Hausa in ya zo rubutu. Saboda haka wanda ke binciken karin harshe lalle ya nemi saƙon murya.

Wanda ya zaɓi hanyar nan, ya kiyaye abu huɗu. Da fari ya bayyana ko shi wane ne da abin da za a yi da amsoshin, ya sami yardar mai amsa tun ba a fara ba. Na biyu, ya riƙa aika tambaya ɗaya ɗaya, gama in ya jera uku, amsoshin za su cuɗe. Na uku, ya riƙa jefa "to" ko "sai me ya faru?" a madadin gyaɗa kai, kada kuma ya gyara rubutun mai amsa, domin shi ma shaida ne.

Na huɗu shi ne amana, shi ya fi sauran nauyi. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo yadda ba mai karanta shi a hanya, amma kullewar ba ta hana wanda ya ɗauki wayar a gida ya karanta. Don haka a kwashe hirar zuwa wuri mai tsaro, a cire suna da lambar waya, a shawarci mai amsa ya share nasa kwafin. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora irin wannan nauyi a kan mai tara bayanan jama'a.

A ƙarshe, wajibi ne mai bincike ya faɗa a cikin rahotonsa ta wace hanya ya sami kowace magana, domin mai karatu ya san irin ma'aunin da zai auna ta da shi.