Wace Babbar Manhaja Ta Dace Da Ƙananan Ofisoshin Ƙasar Daura?

A ran 14 ga watan Oktoba na 2025 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Wannan magana ta shafi duk ofishin da ke da kwamfuta biyar ko goma da aka haɗa su da waya don su yi aiki tare, ko a sakatariyar Ƙananan Hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango ne, ko a makarantu irin su Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura.

Babbar manhaja, watau Windows ko Linux da makamantansu, ita ce ke tafiyar da kwamfuta, a kanta kuma sauran manhajoji na rubutu da lissafi suke zama. In aka daina gyaranta, na'urar za ta ci gaba da tashi kamar kullum, amma duk kafar da ɓarayin intanet suka gano ba mai toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan kafa ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka yi ta mayar da marasa lafiya gida. A ofishin da na'urori ke haɗe kuwa, in ɗaya ta kamu, sauran ma suna cikin haɗari, tare da takardun albashi da na filaye da ke cikinsu.

Hanyoyi uku ne a gaban shugaban ofis. Ta farko ita ce hawa Windows 11, wadda ta fito a 2021. To, amma tana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su cika ƙa'idar ba. Ke nan da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sarowa daga Kano ba za su ɗauka ba. Har wa yau, nau'in Pro ne ya dace da ofis, domin nau'in Home ba ya shiga tsarin da ke ba jami'i guda ikon kula da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu daga wuri ɗaya.

Ta biyu ita ce sayen ƙarin wa'adi. Kamfanin ya yanka wa hukumomi dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara, har shekara uku. Wannan jinkiri ne kawai, ba magani ba.

Ta uku ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, ba a kuma biyan kuɗin lasisinta. Nau'inta mai suna Ubuntu yana fitar da bugu mai dogon zango duk bayan shekara biyu, ana gyaransa kyauta shekara biyar. Tana tafiya a kan tsofaffin na'urori, ana iya ɗora mata LibreOffice don rubuta wasiƙu da lissafi, sa'an nan ta hanyar manhajar Samba tana musayar takardu da na'urorin Windows. Ita da Windows duka suna da tsarin buga haruffan Hausa masu lanƙwasa.

Sai dai araha ba ta ado. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya zuwa 2013 ya juya na'urori wajen 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta ba da sanarwar mayar da na'urori kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Darasin shi ne, manhaja ba ta cin nasara ita kaɗai, sai da horon ma'aikata da masu gyara.

Saboda haka kafin a sa hannu a takardar sayayya, ya kamata a amsa tambayoyi uku. Wane aiki kowane tebur yake yi? Akawun da aikinsa bai wuce buga wasiƙa da shiga shafuna irin su Remita ba, kowace manhaja ta ishe shi. Amma ma'ajin da ke da manhajar lissafi wadda ba ta tashi sai a Windows, ko injin buga takardu da ba ya jituwa da Linux, dole a bar masa Windows. Wa zai gyara in ta lalace? In babu mai sanin Linux a kusa sai an aika Katsina ko Kano, abin da aka tsimi na lasisi zai tafi a kuɗin mota da kwanakin da aiki ya tsaya. Ina kuma ake ajiye kwafin takardu? Wutar lantarki ba ta da tabbas, ɗaukewarta farat ɗaya tana ɓata ma'ajiyar na'ura ko wace manhaja ce a kai.

Abin da ya fi kowane muni shi ne barin kowane ma'aikaci ya kai na'urarsa kasuwa a ɗora masa Windows ta jabu. A ƙidaya na'urori, a rubuta shekarar kowace, waɗanda suka cancanta su hau Windows 11 mai lasisi, tsofaffin kuma a gwada musu Linux a tebur ɗaya ko biyu tukuna. Ɗaliban kwamfuta na makarantun Daura su ma ga dama ta samu: wanda ya iya duka biyun, ofisoshin masarautar za su neme shi. Rigakafi dai ya fi magani.