Sunayen tsuntsaye a Kiriyol na tsibiran Seshel: yadda sabon harshe yake raɗa suna

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna son mu duba sunayen da mutanen Seshel suke kiran tsuntsayen ƙasarsu da su, mu ga abin da suke koya muna game da raɗa suna da kuma aron kalmomi. Seshel jerin tsibirai ne fiye da 100 a cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 1500 gabas da gaɓar Afirka. Babban birninta shi ne Victoria, bisa tsibirin Mahé. Babu mazauna a wurin kafin 1770, shekarar da Faransawa suka kafa zangonsu na farko tare da bayi. Yarjejeniyar Paris ta 1814 ta bar ma Ingila tsibiran, har ƙasar ta samu mulkin kai a 1976. Amma harshen talakawa, wato Kiriyol, mafi yawan kalmominsa daga Faransanci suka fito.

Abin da ya jawo hankalinmu shi ne wannan: tun da tsuntsaye sun riga mutane zama a wurin, babu sunan da ya girmi ƙarni na 18. A Hausa ba mu iya cewa yaushe aka fara kiran hankaka hankaka. A Seshel kuwa mun san lokacin, mun kuma san harshen da aka ɗebo kayan ginin daga cikinsa.

2. Tsuntsayen da masu kallonsu

Akwai tsuntsaye iri fiye da 10 waɗanda ba a samun su ko'ina cikin duniya sai a Seshel. Domin su ne masu kallon tsuntsaye suke zuwa daga Turai da wasu wurare, ɗauke da madubin hangen nesa da littafin hotuna, suna rubuta kowane irin da suka gani. A Praslin suna neman baƙin aku cikin kurmin Vallée de Mai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1983. A La Digue suna neman wani ɗan tsuntsu mai kamun ƙuda, wanda namijinsa baƙi ne wuluk da doguwar wutsiya. A Cousin kuwa tsuntsaye ba su gudun mutum.

Wannan rashin tsoro shi ne ya kusa ƙare su. Sun rayu dubban shekaru inda babu ɓera, babu kyanwa. Da jiragen ruwa suka kawo waɗannan dabbobi, aka kuma sare daji domin shuka kwakwa, sai ƙwai da ƴan tsaki suka zama abincin banza, iyaye kuma suka rasa mazauni. Wajen 1950 an shigo da wata mujiya daga Afirka don ta ci ɓeraye, sai ta juya kan tsuntsayen teku.

3. Hanyoyin raɗa suna

Mun raba sunayen gida uku. A kowane misali mun kawo sunan Kiriyol, sa'an nan asalinsa na Faransanci idan akwai.

3.1. Ɗora tsohon suna bisa sabon tsuntsu

(1) merl, daga merle
(2) kolibri, daga colibri
(3) pi santez, daga pie chanteuse

Baƙo idan ya ga abin da bai sani ba, yakan kira shi da sunan wanda ya sani. Merl na Seshel ba dangin merle na Faransa ba ne, kama ce kawai ta sa aka ba shi sunan. Colibri na ainihi a nahiyar Amurka kaɗai yake. Wanda ake ce ma kolibri a Seshel ɗan'uwan ƙananan tsuntsayen nan ne masu shan ruwan fure da muke gani cikin garake a ƙasarmu. Shi ma pi santez launinsa na baƙi da fari ne ya tuna ma Faransawa pie, amma da suka ji yana rera waƙa sai suka ƙara masa siffa. Hausa ta yi irin wannan da kalmar kanari, wadda tushenta sunan tsibiran Kanari ne, amma muke kiran namu tsuntsun keji da ita.

3.2. Siffantawa

(4) vev, daga veuve, matar da mijinta ya mutu
(5) pizon olande, daga pigeon hollandais
(6) syer, daga scieur, mai yankan katako da zarto
(7) kato nwar, baƙin aku

A nan sunan yana ɗauke da al'adar wanda ya raɗa shi. An kira tsuntsun La Digue vev saboda a Turai baƙaƙen kaya mai takaba take sawa. Bahaushe ba zai yi wannan kwatanci kai tsaye ba. Abin lura kuma, namijin ne baƙi, shi ya jawo sunan mace ga jinsin duka. Pizon olande tattabara ce mai ja da fari da shuɗi, launukan tutar Holan. Syer ƙaramar mujiya ce ta duwatsun Mahé, kukanta kamar ana jan zarto. Wannan hanya ita ce ta ba Hausa ragon maza.

3.3. Kwaikwayon kuka

(8) toktok
(9) katiti

A nan tsuntsun ne ya raɗa ma kansa suna. Toktok ɗan ƙaramin dangin masu saƙar sheƙa ne, katiti kuwa ɗan shaho ne. Mu ma kunnenmu yana jin kukan cilakowa cikin sunanta.

4. Mannewar ƴar kalmar gaba

Akwai wani abu na ginin kalma da ya kamata mu tsaya a kansa:

(10) zwazo, tsuntsu, daga les oiseaux
(11) zirondel, tsattsewa, daga les hirondelles
(12) timerl dezil, daga petit merle des îles

Sautin z na (10) da (11) ba na cikin kalmar ba ne a Faransanci. Yana fitowa ne inda les ta haɗu da suna mai farawa da wasali. Wanda ya koyi harshen da kunne, ba da allo ba, bai san inda iyakar kalma take ba, sai ya ɗauke su tare. Shi ya sa zwazo ba jam'i ba ne a Kiriyol: tsuntsu guda ma zwazo ne. Haka dilo, ruwa, da lakaz, gida.

Mai nazarin Hausa ba baƙo ne ga wannan ba. Al ta Larabci ta manne a alƙali da alkama, ta rage ta koma l a labari da laifi da littafi. Da Faransanci ya zo, sai aka sake bin hanyar a lakwal, daga l'école, da lampo, daga l'impôt. Harsuna biyu da ba su taɓa zama wuri ɗaya ba sun bi tafarki guda, domin yanayin aron ɗaya ne: magana ta riga rubutu.

5. Suna yana bin tsuntsu

Suna ba ya daɗewa a baki idan abin da yake nufi ya ɓace. A 1968 timerl dezil da suka rage ba su kai 30 ba, dukansu a Cousin, tsibirin da bai kai hekta 30 ba. A wannan shekara ƙungiyar da yanzu ake kira BirdLife International ta saye tsibirin, ta bar dajin asali ya maye gurbin kwakwa. An kai wasu Aride a 1988, Cousine a 1990, Denis a 2004, Frégate a 2011, har yawansu ya kai dubbai. Pi santez ma a shekarun 1960 ba su kai 20 ba, a Frégate kaɗai. Aikin ceton da aka fara a 1990 ya maido su zuwa ɗaruruwa a tsibirai da dama. A 2008 an ɗauki vev 23 daga La Digue zuwa Denis. Syer kuwa an ɗauka ta ƙare, sai wajen 1960 aka sake ganin ta, ba a kuma samu sheƙarta ba sai a 1999.

Ba duka suka tsira ba. Koren akun Seshel, kato ver, ya ƙare tun farkon ƙarni na 20. Sunan ya zauna babu mai shi, har aka shigo da jinsin da muke kira tsirya, sai aka ɗora masa shi. Da aka ga baƙon yana iya sa ma kato nwar cuta, aka bi shi aka kashe, a 2019 aka ba da sanarwar babu sauransa. Ke nan kalma ɗaya ta nufi tsuntsu biyu cikin ƙarni ɗaya, na farko an yi asararsa, na biyu an kore shi da gangan. Mai rubuta ƙamus da bai san wannan tarihi ba, zai ba da fassarar da ba daidai ba.

6. Kammalawa

A 1981 Seshel ta ɗauki Kiriyol a matsayin harshen hukuma, a 1982 aka fara karantar da yara da shi. Saboda haka sunayen nan suka samu daidaitaccen rubutu, suka shiga littattafai kusa da na Latin. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram tun 1973, amma sunayen tsuntsaye suna nan a bakin mahalba da manoma da makiyaya, kuma sun sha bamban daga Tawa zuwa Maraɗi. Shawararmu ga ɗalibai masu neman batun bincike ita ce su fita da littafin hotuna da rikoda, su zauna da tsofaffi, su rubuta kowane suna da karin sautinsa da tsawon wasalinsa, da garin da aka ji shi, da tsuntsun da yake nufi. Wannan aiki yana son masanin harshe da masanin tsuntsaye su tafi tare, domin kowanensu rabin amsar ke hannunsa.