KIƊAN HIP HOP DA ƘA'IDAR RASHIN TABBAS: DARASI DAGA UNGUWAR BRONX

Ran 11 ga watan Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya wasa a wani ɗan zaure na benen da iyayenta ke haya, mai lamba 1520 a Titin Sedgwick, cikin unguwar Bronx ta birnin New York a ƙasar Amurka. Nufinta ba mai tsawo ba ne, so take ta tara kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Ta yanka wa 'yan mata kuɗin shiga santi 25, samari kuwa santi 50, sa'an nan ta sa wanta Clive, ɗan shekara 18, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya kula da kiɗa.

Shi wannan saurayi haifaffen Jamaika ne, ya kuwa lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi kan yi shiru a bar ganguna su kaɗai. To, sai ya nemi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowanne a kan garmahonsa, in gaɓar ta ƙare a wannan sai ya tashe ta a wancan, har abin da ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ya kai mintoci. A kan wannan kiɗa ne samari suka shiga zuba magana mai amsa-amo, wadda a nan ake kwatantawa da gambara. Daga nan aka sami abin da duniya ke kira hip hop, watau juya faifai, da zuba magana, da rawar juyi a ƙasa, da zane a jikin bango.

UNGUWAR DA AKA CIRE WA TSAMMANI

A wancan zamani ba wanda ya zaci wani alheri zai fito daga kudancin Bronx. Babbar hanyar mota da aka ratsa ta tsakiyar unguwar ta tashi dubban iyalai, masana'antu suka ƙaura, masu hali suka bi su. A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata, aka kuma rufe waɗansu tashoshin 'yan kwana-kwana, alhali gobara ta zama ruwan dare, har waɗansu masu gidaje na sa a cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Sa'ad da Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci Titin Charlotte a watan Oktoba, 1977, kangaye da tarin ɓuraguzai ya tarar.

Amma fa a cikin kangayen nan akwai masu tunani. Joseph Saddler, wanda ya yi suna da Grandmaster Flash, ya koyi aikin lantarki a makarantar sana'a, da wannan ilmi kuwa ya haɗa wa kansa wata 'yar na'ura da ke ba shi damar sauraron faifai na biyu a kunnensa kafin jama'a su ji. A 1982 ƙungiyarsa ta fitar da waƙar The Message, wadda ta bayyana ƙuncin zaman unguwar ba tare da sakayawa ba. Tun daga nan kiɗan ya zama bakin waɗanda ba a tambayarsu ra'ayi.

ABIN DA HEISENBERG YA GANO

A nan ya kamata a dakata da zancen Bronx, a koma baya shekara 46, zuwa birnin Kopenhagen na ƙasar Denmark, gama a can aka gano wani abu da zai haska sauran labarin. A 1927 wani Bajamushe ɗan shekara 25, Werner Heisenberg, yana aiki a cibiyar binciken Niels Bohr a kan kimiyyar kwantam, watau ilmin halayen abubuwa mafiya ƙanƙanta, irin su ƙwayar zarra da ilektiron da ke cikinta. Ya nuna cewa ba shi yiwuwa a san ainihin wurin da ilektiron yake, a kuma san ainihin ƙarfin tafiyarsa, duka a lokaci guda. Gwargwadon yadda aka ƙuntata sanin ɗaya, gwargwadon yadda ɗayan zai kuɓuce. Wannan ita ce Ƙa'idar Rashin Tabbas.

Mutane da yawa sun ɗauka laifin kayan awo ne, cewa in an ƙera mafi kyau matsalar za ta kau. Ba haka ba ne. Ilektiron yana da ɗabi'a irin ta igiyar ruwa, abin da ke tafiya kamar igiyar ruwa kuwa ba shi da wuri guda da tafiya guda tsayayyu gaba ɗaya. Wannan ne ma ya sa ƙwayar zarra ba ta durƙushewa, domin in aka matse ilektiron a wuri ƙanƙane sai ƙarfin motsinsa ya hau, ya ƙi zama. Albert Einstein bai gamsu ba, ya yi ta ja da Bohr a tarurrukan Solvay na 1927 da 1930, yana ganin ba a gina duniya a kan caca ba. Duk da haka gwaje-gwajen da aka yi ta yi har yau ba su karya ƙa'idar ba.

Abin mamaki shi ne kunnen makaɗi ya san irin wannan iyaka. A 1946 Dennis Gabor, masani ɗan asalin Hungary da ke aiki a Ingila, ya nuna cewa lissafi iri ɗaya ne ke mulkin sauti. A ɗauki tafi guda: kowa ya san daidai lokacin da ya faɗa, amma ba mai iya rera shi, don ba shi da tsayayyen amo. A ɗauki doguwar busar sarewa: amonta a fili yake, amma ba a iya nuna daƙiƙa guda a ce nan take. Duk mai yanka gaɓar kiɗa a na'ura, in ya cika gajarta ta amon ya dushe, in yana son amon ya fito dole ya ba shi lokaci.

MASU TABBAS

Sai dai a yi hattara. Ƙa'idar Heisenberg ba ta ce ba a san kome ba, ba kuwa a kan halin ɗan Adam take magana ba. Abin da ta yi shi ne ta auna iyakar sani, ta ba ta adadi, wanda ya dogara a kan ɗan mitsitsin lissafin da Max Planck ya fitar a 1900. Da masana suka yarda da iyakar nan ba su raunana ba, a kan kimiyyar kwantam ɗin ne aka ƙera taransista a 1947 da hasken lesa a 1960, waɗanda in ba su da babu na'urorin da ake haɗa kiɗan yau da su. Darasin da ke ciki na ladabi ne, watau mai ilmi ya faɗi abin da ya sani, ya kuma faɗi inda saninsa ya tsaya.

Wannan ladabi shi ne ya yi ƙaranci sa'ad da Amurka ta tashi yanke wa matasanta hukunci. Lalle akwai abin damuwa. Wani reshe na kiɗan ya cika da kirarin bindiga da ƙwaya da wulakanta mata, har wata 'yar gwagwarmaya baƙar fata, C. Delores Tucker, ta haɗa kai da tsohon ministan ilmi William Bennett suka matsa wa kamfanin Time Warner lamba, ya sayar da hannun jarinsa na kamfanin faifai na Interscope a 1995. An harbe Tupac Shakur a 1996, aka kuma harbe Notorious B.I.G. a 1997, dukansu ba wanda ya wuce shekara 25. Ba mai hankalin da zai ce waɗannan ba kome ba ne.

Amma daga damuwa sai aka zarce zuwa duba. A 1995 wani shehun malami na Jami'ar Princeton, John DiIulio, ya yi hasashen cewa dubban yara marasa imani suna tafe, waɗanda za su cika tituna da jini. Cikin shekarun 1990 kusan dukan jihohin ƙasar sun gyara dokokinsu don a sauƙaƙa yi wa yara shari'a irin ta manya, 'ya'yan baƙar fata kuwa su suka fi shan wuyar abin. To, me ya faru? Laifuffukan yara sai raguwa suka yi ta yi. A birnin New York an kashe mutum 2,245 a 1990, amma a 2017 adadin ya sauko ƙasa da 300, a shekarar da ƙididdigar kasuwa ta nuna hip hop da ɗan'uwansa R&B sun fi kowane irin kiɗa masu sauraro a Amurka. Wannan bai nuna kiɗan ne ya rage kisa ba, amma ya nuna masu tabbas sun yi kure. Shi kansa DiIulio daga baya ya yi nadama a bainar jama'a, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe ga yaran da aka ɗaure.

INDA HANYOYIN SUKA HAƊU

Cikin yaran da suka tashi a Bronx a wancan zamani akwai Stephon Alexander, wanda aka haifa a Trinidad a 1971, aka kawo shi unguwar yana ɗan shekara 8. Ya girma cikin masu kiɗan hip hop, ya yi makarantar sakandare ta DeWitt Clinton, inda wani malamin kimiyya ya gane hazaƙarsa ya riƙe hannunsa. Ya sami digirin dakta a 2000, ya zama shehun malami a Jami'ar Brown, yana binciken yadda za a sasanta kimiyyar kwantam da ilmin asalin sararin samaniya. A littafinsa na 2016, The Jazz of Physics, ya bayyana yadda kiɗa ya buɗe masa hanyar tunani a lissafi.

Haka kuma a 2012 wani malami na Jami'ar Columbia, Christopher Emdin, ya haɗa gwiwa da mawaƙi GZA na ƙungiyar Wu-Tang Clan, wanda shi kansa bai kammala sakandare ba, suka shiga makarantu goma na New York. Suka sa ɗalibai su riƙa tsara darussan kimiyya cikin baitoci, a yi gasa, a kuma duba ko abin da yaro ya rera daidai ne a ilmance. Dabarar ita ce wanda zai ƙulla baiti a kan abu, tilas ya fara fahimtarsa.

Tasirin kiɗan bai tsaya a Amurka ba. A Senegal mawaƙan rap da 'yan jarida ne suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, wadda ta zaburar da matasa su yanki katin zaɓe kafin faɗuwar Abdoulaye Wade a 2012. A Burkina Faso mawaƙi Smockey na cikin jagororin Balai Citoyen, da ta taka rawa a boren da ya kawar da Blaise Compaoré a 2014. A 2018 Kendrick Lamar ya karɓi lambar Pulitzer ta kiɗa, a 2024 kuwa aka yi gasar rawar nan ta juyi a wasannin Olamfik na birnin Paris.

Yau samari a Kano da Jos da Yamai suna zuba nasu baitocin da Hausa, iyaye da malamai da hukumomi kuwa suna fuskantar tambayar da Amurka ta fuskanta. Tsawatarwa a kan batsa da kirarin ta'addanci wajibi ne, ba kuwa wanda zai hana. Amma kafin a yi wa tsara guda kuɗin goro, ya kamata a saurari abin da yaron ke faɗi, a tambayi abin da ya sa shi faɗi, sa'an nan a duba ko akwai makaranta da malami da sana'a a kusa da shi. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A daren nan na Agusta, 1973, ko Cindy Campbell da ke karɓar santi 25 a bakin ƙofa ba ta san abin da ta buɗe ba, balle waɗanda suka riga suka cire wa unguwarta tsammani.