Masu Fentin Ƙananan Jiragen Ƙasa da Sharuɗɗan Ba Su Aiki

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san yadda yara kan zauna bayan kaka, su ɓare karan dawa, su yanyanka totuwarsa, su harhaɗa mota ko jirgi, har wani mai hikima a cikinsu ya shafa mata jar ƙasa don ta yi kama da motar da ya gani a tasha. To, wannan sha'awa da mu kan bari tare da ƙuruciya, akwai ƙasashen da dattawa masu furfura suka riƙe ta har ta zama fanni mai ƙa'idoji da mujallu da ƙungiyoyi. A Ingila da Jamus da Amurka da Japan za ka tarar da likita ko alƙali ko tsohon ma'aikacin reluwe ya keɓe ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa layin dogo mai faɗin yatsa, ya gina tashoshi da gadoji da duwatsu, yana tafiyar da ƙananan jirage da wutar lantarki. Daga cikin wannan sha'awa ne wata sana'a ta tsiro, wato ta mutanen da ake biya lada su yi wa waɗannan jirage fenti, su ƙara musu ƙananan kayan da masana'anta ta bari, su kuma sa musu alamun tsufa.

Kafin a fahimci wahalar aikin, wajibi ne a san gwargwadon ƙanƙantar abin. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fara daidaita faɗin dogon wasa a 1891, sa'an nan kamfanin Lionel ya bayyana a Amurka a 1900, Frank Hornby na Libaful kuma ya fitar da jiragensa da ake yi wa wani kamar agogo a 1920. A yau ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu zuwa kashi ɗaya cikin 87, amma Ingilishi sun fi son nasu, OO, kashi ɗaya cikin 76. Bisa wannan lissafi na biyu, kan jirgi mai tsawon ƙafa 70 yakan koma kamar inci 11, zanen layi mai faɗin inci guda a jikin jirgin gaskiya yakan koma sulusin milimita, ƙarfen da direba ke kamawa ya hau kuwa ba ya kai rabin milimita kauri. Wanda hannunsa ke rawa, ko idonsa ya fara gajiya, ba shi da rabo a wannan aiki, kuma galibin masu kuɗin sayen jiragen sun kai shekarun da ido ke gajiya.

Asalin bunƙasar sana'ar yana da nasaba da Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin, maƙeran Japan suka shiga ƙera ƙananan jirage da tagulla, da hannu, suna sayar wa sojojin Amurka da ke zaune a ƙasarsu, daga baya 'yan kasuwa suka riƙa kai su Amurka da yawa. Kamfanin Tenshodo na unguwar Ginza a Tokiyo ya yi suna ƙwarai a wannan fage, kafin aikin ya koma Koriya ta Kudu tun daga shekarun 1970 sa'ad da ladan ma'aikata ya hau a Japan. Mafi yawan waɗannan jirage tsirara aka riƙa sayar da su, jawur da launin tagulla, ba fenti ba lamba. Mutum ya zuba dukiya ya sayi abu mai daraja haka, ga shi kuwa bai taɓa riƙe na'urar feshi ba, ina zai yarda ya koyi aiki a kansa? Sai ya nemi gwani.

Amma abin da ake biyan gwani dominsa ya wuce iya shafa launi, domin rabin aikinsa bincike ne irin na malamin tarihi. A ɗauki misalin shahararren kan jirgin nan na Ingila, Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923. Ya fito da lamba 1472, a 1924 aka mai da shi 4472, yana sanye da kore mai haske. A lokacin yaƙi aka shafe shi da baƙi. A 1946 ya ɗauki lamba 502, sa'an nan 103. Da gwamnati ta karɓe reluwe a 1948 ya zama 60103, ya yi zamani da shuɗi, ya koma kore mai duhu. A ƙarshen shekarun 1950 aka sāke masa bututun hayaƙi, a 1961 kuma aka liƙa masa faifan ƙarfe a gefen goshi don kawar da hayaƙi daga idon direba. Saboda haka idan mai jirgi ya ce wa mai fenti, "Yi mini shi kamar yadda yake," tambayar farko da gwani zai yi ita ce, a wace shekara? Wanda ya haɗa lambar wani zamani da launin wani zamani ya yi abin da masu ilimin hadisi za su kira cakuɗa riwaya, kuma ma'abota wannan sha'awa, waɗanda wasunsu har ƙusoshin jikin tukunyar jirgi suke ƙirgawa, ba sa yafe irin wannan kuskure.

Shi kansa launi akwai saɓani a kansa, saɓanin da ba ya ƙarewa. Hotunan dā baƙi da fari ne, masu launin kuwa sun koɗe. Rana da ruwan sama da toka kan sauya fentin jirgi cikin 'yan watanni. Koren da kamfanin reluwe na Pennsylvania ya riƙa shafa wa injunansa a dā ya yi duhu har mai kallo kan rantse baƙi ne. Ban da wannan, launin da aka ɗauko daidai daga jikin babban jirgi, in aka shafa shi a ƙarami, sai ya fi yadda ido ya saba gani duhu, domin babban jirgi daga nesa ake hangensa cikin hasken rana, ƙaramin kuwa a ɗaki yake ƙarƙashin fitila. Don haka gwanaye da yawa sukan ɗan sassauta launin da fari ko toka-toka. Da kamfanin Testors ya daina yin fentin Floquil a 2013, wanda masu wannan aiki a Amurka suka daɗe suna dogara da shi, sai da da yawa daga cikinsu suka koma gwaje-gwajen haɗa launi tun daga tushe.

Aikin hannun kuwa ga yadda yake tafiya. Da fari a warware jirgin, a raba gangar jiki da injin lantarki da ƙafafu da tagogi. In akwai tsohon fenti a cire shi, kuma nan ne haɗari na farko yake, domin ruwan da ke narkar da fenti a kan tagulla ba tare da illa ba yana iya cinye roba ko ya tsattsaga ta. A wanke, a bushe, daga nan kuma ba a sāke taɓa shi da hannu tsirara, saboda maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana fenti kamawa. Sai a ƙara abin da za a ƙara: bututun birki, ƙaho, fitilu, matakala, sarƙoƙi, kwal na gaskiya da aka daka aka zuba a taragon bayan inji, har da ɗan direba da mai zuba wuta. Sa'an nan a fesa shimfiɗar fari, a bi da launuka ɗaya bayan ɗaya, ana rufe wurin da ba a so ya taɓu, ana jiran kowane ya bushe kafin na gaba. Lambobi da haruffa a kan wata 'yar fata mai laushi suke zuwa, wadda ake jiƙawa a ruwa a zame ta a kan jikin jirgi. Dole ne wurin ya zama mai sheƙi sumul, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashi ta bar wani fari-fari mai tona asirin koyo. Fuskar ƙafafun da ke taka dogo kuwa haramun ne fenti ya taɓa ta, domin ta nan jirgin ke shan wuta.

Mataki na ƙarshe shi ya fi ba baƙo mamaki, wato bayan an gama ƙawata jirgi sai a biya mutum ya ɓata shi. A sa tsatsa inda ruwa ke kwanciya, baƙin hayaƙi a bisa rufi, farin gishirin ruwa inda tururi ke tsiyaya, maiƙo a gaɓoɓin ƙarfe, ƙura a ƙasan tarago. Mutumin da aka fi danganta yaɗuwar wannan fasaha gare shi shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto da ya zauna a Monterey ta jihar Kalifoniya, wanda ya ci wata gasa a 1948 da ɗan ginin ajiye injuna da ya yi wa alamun tsufa, har da tantabaru a rufi da kashinsu. Dogon da ya shafe shekaru yana ginawa a ƙarƙashin gidansa, mai suna Gorre & Daphetid, gobara ta cinye shi kwana goma bayan rasuwarsa a 1973, galibi hotuna ne suka rage. A ganina nan ne ake bambanta gwani da mai kwaikwayo, gama datti ma yana da ilimi: ƙurar jirgin da ke ratsa hamada dabam take da ta mai jigilar kwal, kuma mai koyo kullum yakan zarce, ya mai da injin da ke aiki kamar wanda aka yasar a juji shekara ashirin.

To, wanda ya yi niyyar ba da irin wannan aiki, me ya kamace shi? Malaman fiƙihu sun riga sun share mana hanya a babin ijara, inda suka shardanta cewa aiki da lada da ajali su zama sanannu, don a kauce wa garari da jayayya. Sai mai jirgi ya kawo hotunan ainihin injin da yake nufi, ya faɗi lamba da shekara, a rubuta ko tsufan kaɗan ake so ko mai yawa, a san wanda zai sayi ƙananan kayan ƙari, a san ko lada a dunƙule ne ko bisa sa'o'in aiki. Kada ya yi mamaki in ladan ya zarce kuɗin jirgin kansa, musamman in na roba ne, domin inji ne ya zubo jirgin cikin daƙiƙoƙi, fentin kuwa kwanakin mutum ne. Kada kuma ya yi gaggawa. Gwanin kirki yakan kasance da layin masu jira na watanni, kuma wanda ya ce gobe-gobe za a karɓa, a bincike shi. Hoto yana ɓoye aibi, saboda haka ya fi kyau a ga aikinsa na baya ido da ido, a wurin baje koli ko a hannun wanda ya taɓa ba shi aiki, a kuma fara gwada shi da tarago mai araha kafin a miƙa masa inji mai tsada.

Akwai kuma mas'alar lamuni. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'a yana lamunce kayan da ya tafi da su wurin aikinsa, kuma hikimar wannan hukunci a fili take a nan, tun da yawancin jiragen ta gidan waya ake aika su, mai su bai ma taɓa ganin fuskar mai fenti ba. Ya kamata tun farko a yi magana a kan wanda zai ɗauki asara in abu ya karye a hanya ko ya lalace a hannu. Wani gargaɗin kuma: tsohon jirgin Märklin ko Hornby ko Lionel na kafin yaƙi, mai fentinsa na asali, ko da ya ɗan kankare, masu tara kayan tarihi sun fi daraja shi a haka, sabon fenti rage masa kima yake yi. Mai fenti mai amana zai faɗa maka wannan ko da zai rasa aikin.

Wanda ya fi kowa bukatar irin waɗannan gwanaye shi ne mai son jirgin da manyan kamfanoni ba su damu da ƙera shi ba. A ce wani ya yi marmarin injin tururi irin waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta ƙera wa reluwen Nijeriya daga 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, yana jan taragun gyaɗa daga Kano, inda dogo ya iso a 1911, zuwa Ikko. Da wuya ya same shi a kanti. Faɗin tsohon dogon Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, irin na Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da yawancin Japan, don haka a ma'aunin HO dogo mai milimita 12 zai nema maimakon mai 16.5 da aka saba. Sai an samo injin da ya yi kusa da shi an yanke an ƙara, an buga haruffa na musamman, sa'an nan a zo ga ƙura. Mai fentin da ke zaune a Doncaster ko Hambag bai taɓa ganin yadda hazon hunturu ke kwanta wa ƙarfe ba, bai kuma san jar ƙasar da damina ke fantsama wa ƙafafun tarago tsakanin Zariya da Minna ba. Wannan kam sai mai jirgin ya zauna ya siffanta masa da bakinsa.