Tubalin Minecraft da Tubalin Shanono

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ginin ƙasa a Shanono ya san yadda aikin yake farawa. A haƙo ƙasa a kududdufi, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, sannan a mulmula tubali a jera a rana. Wannan aiki ya shiga cikin Minecraft, wasan kwamfutar da ya fi kowane wasa ciniki a duniya. A watan Yunin 2022 masu ƙera wasan suka ƙara laka a cikinsa. Ɗan wasa zai zuba ruwan kwalba a kan ƙasa ta zama laka, ya cuɗa ta da alkama ta yi tauri, curi huɗu su ba shi tubali huɗu.

Wani ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, shi ya fara fitar da wasan a 2009, aka kammala shi a 2011. A 2014 Microsoft ya sayi kamfanin Mojang mai wasan a kan dala biliyan biyu da rabi, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Ana yin sa a kwamfuta, ana yi a waya. Yanzu da wayar Android ta ratsa ƙauyukanmu, daga Bagwai zuwa Gwarzo har bakin iyakar Katsina, ya kamata iyaye su san abin da ke ciki kafin su yanke masa hukunci.

Duniyar wasan kaf ɗinta an gina ta da curi-curi masu kusurwa, kowanne mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Ƙasa, dutse, yashi, itace, ruwa, duk haka suke. Babu mai ce maka ga inda za ka. Ana sauke ka a daji hannu wofi, yini da dare duka minti ashirin ne, kuma dare na yi dodanni su fito. Dole ka sari itace ka yi mafaka. Gungume ɗaya yana ba da katako huɗu. Katako huɗu su ba ka teburin ƙira, takwas su ba ka akwati, duwatsu takwas su ba ka murhu. Gawayin dutse ɗaya yana gasa abu takwas, ba ya ƙarawa.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne jakar ɗan wasa. Gurbi 36 gare ta, tara daga ciki suna kusa da hannu. Kowane gurbi yana ɗaukar abu iri ɗaya har guda 64, ƙwai kuwa 16 kacal, gatari da diga kowanne ya cinye gurbi guda shi kaɗai. Ko da tubali zalla ka cika ta, 2,304 ne iyakarta. Saboda haka kafin yaro ya bar gida sai ya yi tunani: abinci nawa, fitila nawa, wane wuri zai bari don abin da zai haƙo. Kayan aikin ma suna cinyewa. Digar itace ba ta kai sara sittin, ta ƙarfe tana yin 250. Idan ɗan wasa ya mutu a hanya, duk abin da ke jakar ya zube a wurin, in bai dawo cikin minti biyar ba ya yi asara. Yaron da ya sha wannan sau biyu, ba sai an ce masa ya ajiye rara a akwati ba.

A ɗauki ɗaki ƙarami, tubali biyar a kowane gefe, tsayi uku. Zagayensa 16 ne, jeri uku ya zama 48, a cire biyu na ƙofa. Da katako, gungume 12 sun wadatar. Da tubalin laka kuwa, kowane guda yana cin alkama ɗaya, kuma da yake huɗu-huɗu ake yin su, ke nan sai yaro ya fara noma alkama 48. Alkama uku ke yin burodi ɗaya, ashe bangon nan ya cinye burodi 16. Nan take tambaya ta taso masa: ciki ko katanga? Manomin Shanono ya san wannan tambaya sarai. A yankin da gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta, kara da ciyawa da harawa ba shara ba ne. Karan dawa guda ana ja masa wuya tsakanin danga, murhu da bakin dabba. Abin ya burge ni ƙwarai, cewa wasan da aka ƙirƙira a ƙasar ƙanƙara ya kai yaro ga lissafin da kakansa ke yi kowace kaka. Ga ninkawa, ga rabawa, ga awon fili, kuma yaron da kansa yake neman amsa saboda yana son ɗakinsa ya tsaya.

Sai dai akwai inda wasan ya rabu da gaskiya, kuma wurin yana da faɗi. A cikinsa tubali yana iya tsayawa a iska ba abin da ya tallabe shi, in ban da irin su yashi da tsakuwa masu zubowa. Ruwan sama bai taɓa cin bango ba. Ba a yaɓe, ba a neman makuba, ba a sa indararo, ba a auna tsawon azara kafin a yanke faɗin soro. Alhali ilimin magini kusan duka a nan yake: nauyi da damina. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, gwanintarsa ita ce sanin yadda bakan gizo na ƙasa da azara zai ɗauki rufi. Gonar wasan ma ba ta gajiya. Curin ruwa ɗaya yana shayar da kewayensa taku huɗu ta kowane gefe har abada, ba a kai taki, ba a jiran damina, itace kuma ya girma cikin mintuna. Yaron da bai taɓa bin jaki ko amalanke da taki zuwa gona ba zai iya ɗauka haka ƙasa take. Wannan gyaran na uba ne da malami da maginin unguwa, kuma ba zai yiwu ba sai sun leƙa wayar sun ga abin da aka gina.

Ba na raina kukan iyaye. Wasan na kuɗi ne, yana shan caji, yana kuma iya cinye lokacin salla da makarantar allo da aike, musamman da yake ba shi da ƙarshe. A sa masa lokaci, a kuma kula da wa yaro ke haɗuwa idan ya hau intanet. Wanda ba shi da hali akwai Luanti, mai kama da shi, kyauta, wanda a da ake kira Minetest.

An ma riga an fitar da wasan daga ɗakin yara. A 2012 Mojang da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai suka fara wani shiri mai suna Block by Block, gwajin farko a wani filin wasa a unguwar Kibera ta Nairobi. Ana gina hoton fili a cikin wasan, a kira mazauna wurin, har mata da yara da ba su iya karanta taswirar injiniya ba, kowa ya sa fitila ko benci ko bishiya inda yake ganin ya dace, sannan masu zane su ɗauka daga nan. Makarantar sakandare a Shanono da ke da kwamfuta ko uku da hasken sola za ta iya gwada irin wannan da harabarta ko kasuwar garin: ɗalibai su fita da igiyar awo, su gina wurin curi-curi, sannan a gayyato magini ya nuna musu bangon da zai faɗi a watan Agusta da inda ruwa zai kwanta.