ABUBUWAN DA KE TAYAR DA CIWON MAFITSARA MAI DAƊEWA

Akwai wani ciwo da ke wahalar da mutane, musamman mata, amma kunya takan hana su faɗi. Mai ciwon yakan ji raɗaɗi ko nauyi a mara, yakan ji fitsari ya matsa masa a kai a kai, dare da rana. Idan ya je asibiti aka auna fitsarin, sai a tarar babu ƙwayar cuta a cikinsa. Ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har ya gaji, ciwo yana nan. Likitoci suna kiran wannan ciwo intastishiyal sistaitis, ko kuwa ciwon raɗaɗin mafitsara. An rubuta wannan takarda domin jama'a su san abubuwan da ke tayar da shi, su kuma san yadda za su kiyaye kansu.

MENE NE WANNAN CIWO?

Mafitsara jaka ce ta tsoka wadda ke tara fitsarin da ƙoda ta tace. Ta babban mutum takan riƙe kimanin rabin lita, kuma mai lafiya ba ya cika wuce sau 8 yana fitsari a yini da kwana. Wanda ciwon ya tsananta gare shi kuwa yana iya zagayawa har sau 60. Babbar alamar ciwon ita ce raɗaɗi yakan ƙaru sa'ad da mafitsara ke cika, sa'an nan ya ɗan lafa bayan an yi fitsari.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1915 wani likita mai suna Guy Hunner, na birnin Baltimo a ƙasar Amurka, ya yi bayanin wasu jajayen miyaku da ya gani a bangon mafitsarar mata masu wannan kuka. Har yanzu da sunansa ake kiran miyakun, ko da yake kaɗan daga cikin masu ciwon ne ake samu da su. A yau likita yakan yi zaton ciwon idan alamun sun wuce mako 6, aka kuma bincika ba a sami ƙwayar cuta ko wani dalili dabam ba.

Bayanin da likitoci suka fi bayarwa shi ne wannan. Cikin mafitsara yana da wani shafe mai santsi wanda ke hana fitsari taɓa naman bangonta, kamar daɓen da ke hana ruwa cin ƙasa. Idan shafen ya yi rauni, abubuwan da ke cikin fitsari sai su ratsa su kai ga jijiyoyi. Jijiyoyin sukan yi saurin harzuƙa, tsokokin ƙasan ƙugu kuma su ɗaure. Saboda haka abin da ba ya damun sauran mutane sai ya tayar wa mai ciwon da hankali.

Lalle ne jama'a su fahimci cewa wannan ba ciwon sanyi ba ne. Ba a ɗaukarsa ta wurin saduwa, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kada miji ya zargi matarsa, kada mata ta zargi mijinta. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Maza ma suna kamuwa da shi, sai dai sau da yawa akan ɗauka ciwon furostet ne, watau ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Halin ciwon shi ne ya kwanta ya tashi. Yakan lafa makonni ko watanni, sa'an nan ya taso na 'yan sa'o'i ko na kwanaki. Ga abubuwan da suka fi tayar da shi.

1. ABINCI DA ABIN SHA

A wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2007, kimanin tara cikin goma na masu ciwon da aka tambaya sun ce wani abinci ko abin sha yana ƙara musu raɗaɗi. Waɗanda aka fi ambata su ne kofi, shayi, lemon kwalba, giya, lemon tsami da lemon zaƙi, barkono, da kuma kayan zaƙin da ake sa wa abinci a madadin sukari. Tumatir ma yana damun mutane da dama.

Kofi da shayi suna da wani sinadari mai suna kafeyin, wanda ke ƙara yawan fitsari yana kuma zaburar da mafitsara. Goro ma yana da wannan sinadari sosai, don haka mai cin goro ya lura. Yaji, attarugu da barkonon tsire suna cikin rukunin kayan zafi. Zoɓo da kunun tsamiya suna cikin rukunin kayan tsami, kuma wasu masu sayarwa sukan zuba musu sakarin domin su rage kuɗin sukari, ga tsami ga sakarin ke nan. Galibi raɗaɗi yakan biyo baya cikin 'yan sa'o'i bayan an ci ko an sha.

2. ƘARANCIN SHAN RUWA

Mutane da yawa sukan rage shan ruwa domin su rage zagayawa. Wannan kuskure ne babba. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki fitsari yakan yi kauri, ya yi ja, ya ƙara zafi a bangon mafitsara. Lokacin bazara, da lokacin aikin gona, da lokacin azumi, su ne aka fi fuskantar wannan. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, har fitsari ya zama fari-fari, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Mai azumi ya raba ruwansa tsakanin shan ruwa da sahur, ya kuma nemi shawarar likita idan ciwon ya tsananta.

3. DAMUWA DA RASHIN BARCI

Damuwa ba ita ce ke haifar da ciwon ba, amma tana tayar da shi. Sa'ad da hankali ya tashi, tsokokin ƙasan ƙugu sukan ɗaure ba da sanin mutum ba, jijiyoyi kuma su ƙara jin raɗaɗi. Raɗaɗin ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, haka abin zai yi ta zagayawa. Wajibi ne mutanen gida su rage wa mai ciwon nauyin aiki a kwanakin da ya taso masa, su daina cewa raki ne.

4. AL'ADAR MATA

Mata da yawa sukan ga ciwon ya tsananta 'yan kwanaki kafin al'ada ko a farkonta, saboda canjin sinadaran jiki. Mace da ta san haka sai ta ƙara kiyaye abinci a waɗannan kwanaki. Sabulu mai ƙamshi, turare, da kayan matsi da ake cusawa a gaba duk suna iya ƙara zafi. Ruwa mai tsabta ya isa wanke wurin.

5. SADUWAR AURE

Mafitsara tana daf da gaban mace, don haka saduwa takan tayar da raɗaɗi, ko a lokacin ko bayan sa'o'i, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba ƙiyayya ba ce, ba kuma gudun miji ba ne. Ma'aurata su yi magana da juna, su bi a hankali, su dakata a kwanakin da ciwon ya taso. Yin fitsari kafin saduwa da bayanta yana taimakawa.

6. DOGON ZAMA DA MATSATTSUN TUFAFI

Doguwar tafiya a mota kan hanya mai gargada, hawan babur ko keke, da yini a kan kujera ko keken ɗinki, duk suna danne ƙasan ƙugu. Haka nan ɗaure zane tamau a mara, ko sa matsattsen wando da ɗamara. Mai tafiya mai nisa ya sauka ya miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya, kada kuma ya riƙe fitsari har ya gallabe shi.

7. TAURIN BAYAN GIDA

Hanji yana maƙwabtaka da mafitsara. Idan bayan gida ya taru ya yi tauri yakan danne ta, yunƙuri kuma ya ƙara ɗaure tsokoki. Ganye, kuɓewa, wake, da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba suna sassauta ciki, muddin ana shan ruwa.

8. TABA DA MAGUNGUNA

Taba tana harzuƙa mafitsara, kuma ita ce babbar sanadiyyar sankarar mafitsara. Ƙwayoyin bitamin C masu ƙarfi suna damun wasu. Kada a sha kanwa ko jiƙe-jiƙe da sunan wankin mara. Kanwa tana da gishiri mai yawa wanda ke cutar da mai hawan jini.

YADDA ZA KA GANE NAKA

Abin da ke tayar wa wani ba lalle ne ya tayar wa wani ba. Kada ka haramta wa kanka abinci barkatai har ka rame. Ga hanyar da ta dace:

Na farko, ka sami littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci, abin da ka sha, abin da ka yi, da lokacin da raɗaɗi ya zo. Wanda bai iya rubutu ba ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani duk sa'ad da ya yi fitsari, da safe a ƙirga, wani ya rubuta masa.

Na biyu, ka bar dukan abubuwan da ake zargi har mako biyu zuwa huɗu.

Na uku, idan ka sami sauƙi, sai ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kana barin kwana uku a tsakani. Wanda ya tayar da ciwo ka rabu da shi, wanda bai tayar ba ka ci gaba da cinsa.

Na huɗu, ka kai wa likita littafin duk ranar da za ka gan shi.

Idan ciwon ya taso, ka ƙara shan ruwa, ka sassauta tufafi, ka ɗora tsumma mai ɗumi a mara ko ka zauna cikin ruwan ɗumi. Kada ka yi motsa jikin da ake matse tsokokin ƙasan ƙugu, domin mai wannan ciwo sassauci tsokokinsa ke bukata.

YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

A tafi nan da nan idan an ga jini a fitsari, ko zazzaɓi, ko ciwon kwiɓi, ko amai, ko fitsari ya ƙi fita, ko kuwa mace tana da ciki. A ƙasarmu dole ne likita ya fara bincikar tsargiya, musamman ga masu shiga rafi, tafki ko gonar shinkafa, domin ita ma tana kama mafitsara, kuma tana da magani mai suna farazikwantel. Tsakuwar mafitsara, tarin fuka da sankara su ma suna iya kama da wannan ciwo. Har ila yau, mai ciwon yana iya kamuwa da ƙwayar cuta a kan ciwonsa, awon fitsari ne kaɗai zai bambanta.

Kada a sayi kafso a kanti ko a hannun 'yan talla duk sa'ad da mara ta yi zafi. Inda babu ƙwayar cuta, maganin kashe ta ba shi da abin kashewa, sai asarar kuɗi da koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Likita yana da hanyoyin rage raɗaɗi: magungunan sha irin su amitiriftilin, maganin da ake zubawa cikin mafitsara, gyaran tsokoki a hannun gwanayen gashi, da ƙone miyakun Hunner ga wanda ke da su. Har yanzu ba a sami maganin da ke raba mutum da ciwon baki ɗaya ba, amma masu kiyayewa da yawa suna samun sauƙi, suna ci gaba da sana'arsu da zaman aurensu.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda kuma ya ga alamun nan a jikinsa ya ajiye kunya ya tafi asibiti mafi kusa.